Shekarar da Mama Ta Daina Yi Mini Hausa

Antinku Rifkatu ta daɗe tana ba ku labari wai korata aka yi daga gidan kallon Alhaji Sabo. Ba wanda ya kore ni. Da ƙafata na fita, Alhaji yana bina har bakin titi riƙe da makirfo kamar na mance hulata. Tunda yanzu kun girma, har kun fara gyara mini Turanci a gaban baƙi, bari in rubuta muku yadda abin ya faru, don in Ubangiji ya kira ni kada a bar tarihina a bakin Rifkatu.

A wancan lokaci ba waya a aljihun kowa. Mai son kallon fim sai ya zo bayan tashar jirgin ƙasa, inda Alhaji Sabo ya kafa rumfar kwano da dogayen bencina da talabijin guda da janareta mai tari kamar tsohon maƙeri. Alhaji ɗan kasuwar Kafanchan ne tun daga kakansa, wanda ya zo da fataucin goro ya zauna. Ni kuwa aikina fassara. Sai a rage sautin fim, in zauna a gefen talabijin da makirfo, duk wanda ya buɗe baki a ciki in mayar da maganarsa Hausa nan take. Ni ne akta, ni ne bos, ni ne budurwar akta, in kare ya yi haushi ma ni ne. Turancina bai wuce na aji uku a sakandare ba, amma abin da kunnena ya kasa kamawa bakina yakan cike gurbinsa, kuma ba a taɓa kawo ƙarata ba. Akwai mutanen da suka kalli fim ɗaya sau biyar don kowane kallo labarin yakan canza. Daga Gwantu ake hawo mota a zo jina. In na bi ta kasuwa, masu nama suna miƙo mini tsire ban tambaya ba. Kada ku yi dariya, ubanku ya taɓa zama babban mutum.

Finafinan da suka fi kawo jama'a su ne na zamanin da bai zo ba, masu jiragen da ke yawo tsakanin taurari da mutanen ƙarfe. Alhaji ya raɗa musu suna fim ɗin jibi, kuma sunan ya bi gari. Shi kansa ba ya son su. Yakan tsaya a bakin ƙofa da carbinsa yana leƙe yana girgiza kai.

“Ishaya, wai su mutanen nan ba su taɓa hango gaba mai daɗi ba ne? Kullum ba rana, ba gona, ruwa na ta zuba amma ba wanda ya shuka ko masara.”

“Ai shi ya sa suke haɗiyar ƙwaya maimakon tuwo, Alhaji.”

“To in haka jibin take, ni dai a bar ni a shekaranjiya.”

Ni abin da na fi lura da shi a finafinan nan shi ne magana, tunda ita ce abincina. Kusan kullum gari biyu ne a haɗe. Masu mulki suna can sama a bene mai taɓa gajimare, sanye da kaya iri ɗaya, suna magana da harshe ɗaya, gajere, a bushe, ba gaisuwa, ba tambayar iyali, mutum ya shigo ɗaki ya faɗi abin da ya kawo shi ya fita kamar ɗan sanda. Talakawa kuma suna ƙasa cikin hayaƙi, suna wani irin yare gauraye, kalma daga nan kalma daga can. Masu yin fim sun ɗauka wannan gaurayen abin tsoro ne, alamar duniya ta lalace. Ni kuwa dariya yake ba ni. Su zo kasuwarmu ranar da citta ta shigo, su ji mace guda ta fara ciniki da Hausa, ta yi gardama da Turancin Burokin, ta zagi mai awo da Jabanci, ta rufe da godiya cikin Turanci, duk a numfashi ɗaya. Mu nan mun riga su isa jibi, kuma ba abin da ya same mu. Saboda haka na yi wa fassarata tsari. Masu mulki sai in ba su Hausar rediyo, mai tsabta, kowace mace da “ta” ɗinta. Talakawan ƙasa kuma in ba su Hausarmu ta nan, wadda mace ma “shi” ce, akuya ma “shi” ce. Da zarar talaka ya buɗe baki ya ce wa bos, “Oga, matana ya ce ba zai zo ba,” sai rumfa ta ɗauki tafi. Ina jin kaina sarkin masu harsuna. Ban taɓa zama na ƙirga nawa nake da su ba.

A nan sai na koma baya kaɗan. Kakanku ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a kwatas ɗin reluwe na tashi, maƙwabcinmu na dama Bayarabe, na hagu Tibi, na gaba mutumin Zariya. Hausa ce ta haɗa mu wasa, da ita ake sujada a coci, da ita ake sayen gishiri. Baba ya ce a riƙa yi mana ita a gida don kada mu zama baƙi a garinmu, Mama kuma ta bi. Yayata Rifkatu ce kaɗai ta tsira da yarenmu na Kagoro, don a hannun kakarmu ta girma. Da Baba ya rasu Mama ta koma Kagoro, gindin dutse, ni na zauna a Kafanchan ina kai mata ziyara ranar Lahadi bayan an tashi coci. Abin da nake da shi na yaren bai wuce gaisuwar safe da “zo ka ci” ba, sai wata jimla guda mai tsawo da nake ji da ita. Tun ina yaro, duk lokacin da zan fita daga gida, Mama takan ɗaga hannu ta faɗe ta da ƙarfi a bayana. Na haddace ta tsaf. Nakan juyo in ce amin, ita kuma ta yi dariya.

To, wata Asabar aka kawo sabon kaset daga Jos, za a sa a kallon ƙarfe huɗu. Ban duba shi ba tukuna, don a lokacin ina alfahari cewa ni ba na buƙatar ganin fim kafin in fassara shi. Rumfa ta cika har ana zama a kan taga. A fim ɗin, kowane mutum tun yana jariri ake rataya masa wata na'ura a wuya, ita ke magana a madadinsa, kuma ba ta faɗin komai sai abin da gwamnati ta zuba mata. Mutum yana jin yunwa, na'ura ta ce, “Na gode, na ƙoshi.” Akta soja ne, aka aike shi ƙarƙashin ƙasa ya kamo wata tsohuwa da ta cire tata ta yar. Ashe kakarsa ce. Kafin ya gane haka abokan aikinsa sun harbe ta. Tana kwance, ta kama hannunsa, ta fara magana da bakinta na gaskiya, da wani yare da masu fim suka ƙirƙira, ba rubutu a ƙasa, ba wanda ya taɓa jinsa a duniya. A rumfa, wata mata a bencin gaba ta riga ta fara share ido da bakin zane. Kowa ya juyo yana jirana.

Hausa na riga na raba ta, rabi ga gwamnati rabi ga talakawa. Tsohuwar nan tana buƙatar harshen da ya girmi duka biyun. Sai dabara ta faɗo mini, har na ji tsigar jikina ta tashi don daɗin kaina. Na sassauta murya, na sa mata rawa irin ta mai barin duniya, na faɗi addu'ar Mama daga farko har ƙarshe. Sannan na canza murya na zama soja, na ce amin cikin kuka.

Daga baya can wata mai sayar da acca ta saki wata ƙara kamar an taka mata ƙafa. Malam Dogara, tsohon hedimasta ɗan Kagoro, mutumin da ko a bikin aure ba a ganin haƙoransa, ya zame daga benci ya zauna a ƙasa yana buga cinya. Duk mai jin yarenmu a rumfar ya kama cikinsa, saura suna ta tambaya me aka ce, ana gaya musu, su ma suna faɗuwa. Sai da aka tsayar da kaset. Malam Dogara ya rarrafo kusa da ni yana share hawaye.

“Ishaya, ka san abin da tsohuwar nan ta gaya wa jikanta kuwa?”

“Albarka ta sa masa, Malam.”

“Albarka! Ta ce in ya fita ya ja ƙyaure, kada akuya ta shigo ta ci acca.”

Kun san ubanku. Na miƙe na rusuna wa jama'a kamar da gangan na yi. Alhaji ya sa aka maimaita fim ɗin kwana shida a jere, mutane suna zuwa don wurin akuyar kaɗai, suna faɗin jimlar tare da ni, Hausawa da Inyamurai da kowa, sannan rumfa duka ta amsa amin. Ban taɓa yin suna irin na makon nan ba.

Labarin ya riga ni isa Kagoro a bayan okada. Ranar Lahadi na tarar da Mama a gindin mangwaro, ba ta ko cire zanen zumuntar mata ta coci ba, tana tsince tsakuwa daga acca a faifai. Na gaishe ta. Ba ta ɗago ba.

“Zauna, Ishaya. Wannan magana da ina faɗa maka in za ka tafi, kai ka ɗauka mene ne?”

“Addu'a mana, Mama.”

“Shi ya sa kana ce amin.”

“I, Mama.”

“Ni kuwa ina ce yarona mai wasa ne kamar babansa. Ina dariya. Shekara talatin ina dariya. Ashe kurma na haifa.” Ta hura faifan. “Shi ya sa akuya yana shiga kullum.”

Na fara dariya don in sassauta abin, sai na ga idonta ya kawo ruwa. Ta ajiye faifan a cinya ta dube ni sosai.

“Ka ji wannan Hausa da ina yi maka yanzu? Ka riƙe shi da kyau. Shi ne na ƙarshe.”

Ta juya ta yi wa wata kaza magana da yare. Kazar ma ta fi ni fahimta, don ta matsa.

Na ɗauka fushin ba zai kai faɗuwar rana ba. Ya kai mako, ya kai wata. Matar nan tana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, tana jan waƙa a coci da Hausa, tana ciniki da mai nono da Hausa har da barkwanci. Da na shigo sai ta zama kamar ba ta taɓa jin kalmar “sannu” ba. Dole Rifkatu ta zama tafinta tsakanina da uwata, kuma ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin aiki kamar yadda ta ji daɗin wannan ba.

“Mama ya ce kanka kamar kabewa, kuma ka rame, kuma wannan wando bai dace da ɗan Kirista ba, kuma ka sayo mini takalmi.”

“Haba Yaya, kalma biyu fa ta faɗa.”

“Yarenmu yana da nauyi. Kai dai ba a kanka aka fara ƙari a fassara ba.”

Abin dariya ne a baki, amma a cikina ba haka yake ba. A lokacin na riga na ga mamarku Hannatu, na riga na yanke shawara, kuma ba na son kowa ya ji kafin Mama. In na bi ta bakin Rifkatu, kafin in rufe nawa bakin zumuntar mata ta gama zaɓen ashobin biki. Ga Mama tana tari tun sanyin bara, tana tafiya tana dafa bango. Ina zaune kusa da ita har ina jin ƙamshin man kaɗanyar da take shafawa, amma ba ni da hanyar gaya mata magana guda da ta fi kowace muhimmanci a rayuwata. Na roƙi Rifkatu ta tambaye ta me zan yi. Amsar ta zo gajeriya, kuma na san wannan karon ba ƙari a ciki.

“Ya ce yare ba a koyonsa ranar Lahadi da yamma. Ka zo ka yi damina.”

A daidai wannan makon Alhaji ya kira ni shagonsa ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, abin da bai taɓa yi ba. Ya sayo na'urar ɗaukar murya. Yana so a riƙa naɗar fassarata a kan kaset ana kai wa Jos da Lafiya da Kaduna, muryata ta shiga gidajen da ƙafata ba za ta taɓa takawa ba. Abin da nake mafarki ke nan tun ranar da na fara riƙe makirfo. Na sha lemon har ƙasa, don ban san ko zan sake samun irinsa ba, sannan na gaya masa zan tafi Kagoro noma.

“Noma? Kai? Ishaya, hannunka ko igiyar janareta ba ya iya ja.”

Na ba shi labarin duka. Ya ajiye carbinsa ya dube ni.

“Ka san kakata ta wajen uwa Bafulatana ce? Abin da ya rage mini na bakinta kalma ɗaya ce, jam. In Fulani suka gaishe ni in ce jam, in suka zage ni ma in ce jam.” Ya yi ajiyar zuciya. “Ba zan iya ajiye maka kujerar nan ba, ka sani. Kasuwa ba ta jira.”

“Na sani, Alhaji.”

Duk da haka washegari ya biyo ni har titi da makirfo, wai ko in yi Asabar ɗaya ta ban kwana. Na ƙi, don na san in na yi ɗaya zan yi goma.

Daminar nan ban taɓa shan wuya irinta ba. Tafin hannuna ya fashe a gonar citta har na daina gane shi. Malamina shi ne Baba Ayuba, yayan Mama, wanda kunnensa ya yi nauyi, saboda haka kowace kalma sai na kurma ta da ƙarfi, duk kuskurena sai an ji shi har kan dutse. Mata masu zuwa rafi sukan tsaya a bakin gona su huta suna yi mini dariya. Mama kuma tata hanyar daban ce. Ba ta gyara mini, ba ta dariya. Abin da na faɗa shi take kawo mini. Na nemi gishiri ta miƙo mini tsintsiya. Na ce ina jin ƙishi, ta shimfiɗa mini tabarma. Wata rana na yi niyyar cewa tuwon ya yi daɗi, ban san me na ce ba har yau, ta dai ɗauke kwanon ta ba kare. Mutum in yunwa tana koya masa karatu ba ya mantuwa. Kafin masara ta yi goyo na fara jin abin da tsofaffi ke faɗa a kaina, kuma na gane gara lokacin da ba na ji.

Ina cikin kunyar citta wata rana na tuna fim ɗin nan, na ga inda masu shi suka yi kuskure. Su a tunaninsu sai an kawo sojoji da na'ura a wuya kafin a raba mutum da harshen kakarsa. Mu ba wanda ya nuna mana bindiga. Baba da kyakkyawar niyya ya ajiye shi, ni kuma na wuce ban waiwaya ba, don Hausa ta ishe ni ci da sha da suna. Ba na zarginta, da ita nake addu'a, da ita nake rubuta muku wannan. Amma a ɗakin uwata ta kasa kai ni inda nake so.

Kujerata kuwa wani ɗan Kaduna aka ba. Muryarsa ce ta tafi Jos da Lafiya, har akuyata ya ɗauka ya sa a finafinai uku ba tare da ya san ma'anarta ba. Kafin in dawo gari mutane sun fara sayen na'urar kallo a gidajensu, rumfar ta zama wurin ajiye siminti. Shi ya sa kuka taso kuka tarar da ubanku yana sayar da fenti. In na ji kuna kallon fassarar zamani a waya, nakan ji yatsuna suna neman makirfo. In na ce muku bai yi mini zafi ba, ƙarya nake.

Bayan an gama girbi Baba Ayuba ya kwanta, kwana huɗu ya tafi. A wurin jana'iza dole wani daga ɗakin Mama ya tashi ya yi magana. Kowa ya dubi Rifkatu. Mama ta dube ni. Fasto ya miƙo mini makirfo yana raɗa mini cewa in yi da Hausa ba laifi. Na karɓa na miƙe. Na buɗe baki da yarenmu. Na gaishe da dangi ɗaki ɗaki, na faɗi yadda marigayi ya karɓi ƙaton mutum mai gemu ya koya masa sunan fartanya kamar jariri, na ce duk kalmar da ke bakina yau daga gonarsa na tono ta. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na zauna rigata ta jiƙe kamar an tsamo ni daga rafi, Malam Dogara kuma ya miƙo hannu daga bencin baya ya dafa kafaɗata.

A hanyar komawa gida Mama tana gaba da sandarta, ni ina biye, Rifkatu ta tsaya wanke tukwane. Na ga ba zan sami dama irin wannan ba. Na tattara sauran yaren da ya rage mini, na gaya mata akwai wata yarinya, sunanta Hannatu, ina so in aure ta. Ba ta tsaya ba. Muka wuce gonar rogo, muka wuce coci, na fara tunanin ko na ce ina so in sayar da ita ne. Sai a bakin gida ta juyo, ta dogara da sanda, ta buɗe baki da Hausa.

“Kuskure huɗu ka yi a wurin mutuwa. Ɗaya ma ka ce Ayuba ya haifi fartanya.”

“Mama! Hausa kike yi!”

“Na gaji ne. Yarenka yana sa ni ciwon kai.” Ta goge fuska da bakin zane, ta daɗe tana gogewa. “Amma na ji ka. Duka na ji. Yarinyan, ɗan gidan wane ne?”

“'Yar Nok ce, Mama.”

“Yana jin namu?”

“Ko kalma ɗaya.”

“To. Kawo shi in gani. Gona yana nan.”

Ku je ku tambayi mamarku. Damina biyu ta yi, kuma ta fi ni iyawa.